Ɗage Zaman Sakin Talala: Ƙa'idojinsa da Giɓin da ke Dokarmu

Duk wanda ya taɓa raka wani kotu a garin nan na Kaduna ya san nauyin kalmar nan “an ɗage”. Shekarun baya na raka wata maƙwabciyarmu, dattijuwa mai sana'ar ƙosai, zuwa wata kotu inda ake shari'ar ɗanta da ke tsare. Tun da asuba ta dafa abinci ta zuba a kula, ta ciri kuɗin mota daga cikin jarinta, muka isa kafin ƙarfe tara, muka zauna a kan benci har rana ta take tsaka. Can sai magatakarda ya leƙo ya ce, “Mama, sai haƙuri, yau ba a kawo su ba, an ɗage.” Ta tambaye shi zuwa yaushe, ya ce za a sanar. A hanyarmu ta komawa, da kular a kan cinyarta ko buɗe ta ba a yi ba, abin da kawai ta ce mini shi ne, “Malam, da ma sun faɗi rana, da na san abin da zan riƙa ƙirgawa.”

Wancan zama na shari'ar da ba a yanke ba ne. Akwai kuma wani zaman da ba a cika maganarsa ba a wajenmu, wanda ake yi bayan an yanke wa mutum hukunci ya kwashe shekaru a gidan yari, domin a duba ko ya cancanci ya ƙarasa sauran wa'adinsa a waje bisa wasu sharuɗɗa. Wannan shi ne sakin talala, kuma sunan ya dace da shi, domin kamar akuyar da aka ɗaure da doguwar igiya, mutum yana yawo yana neman abincinsa amma igiyar tana hannun hukuma, idan ya saɓa sharaɗi a janyo shi ya koma ciki. Ya bambanta da beli, wanda ake bai wa wanda ba a riga an same shi da laifi ba. Ya bambanta da afuwa, wadda ikon Shugaban Ƙasa ce a sashe na 175 na Tsarin Mulkin 1999, ta Gwamna kuma a sashe na 212. Haka nan ya bambanta da ziyarar da Babban Jojin Jiha kan kai gidajen yari ya sallami waɗanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba ko suka daɗe fiye da kima suna jiran shari'a. Mutane da yawa suna haɗa waɗannan duka su kira su afuwa, wannan ruɗani kuwa yana cikin abin da ya sa ba a tambayar hukuma komai game da sakin talala.

Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta Tarayya ta 2015 ta yi tanadinsa a sashe na 468. Abin da sashen ya ƙunsa shi ne, idan shugaban hukumar gidajen yari na ƙasa ya kai wa kotu rahoto cewa wani fursuna yana da halin kirki, kuma ya cinye aƙalla kashi ɗaya bisa uku na wa'adinsa, matuƙar ɗaurin ya kai shekara 15 ko kuwa na rai-da-rai ne, to kotu tana iya jingine sauran wa'adin ta sake shi, da sharaɗi ko babu, bayan ta saurari mai gabatar da ƙara da kuma fursunan ko lauyansa. Wanda aka saka ɗin sai ya bi wani shirin gyaran hali kafin ya koma cikin jama'a sosai. A watan Agusta na 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta sauya wa hukumar suna zuwa Hukumar Gyaran Hali, ta kuma raba aikinta gida biyu, wato tsarewa da hukuncin da ba na tsarewa ba, inda sakin talala ya shiga tare da aikin yi wa al'umma hidima da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka yi wa. Jihar Kaduna ma ta yi tata dokar gudanar da shari'ar laifuka a 2017, domin ta tarayyar ba ta hau kan kotunan jiha kai tsaye ba.

Kafin a fahimci dalilin da ya sa ɗage irin wannan zama yake da nauyi, sai an yi ɗan lissafi. A ce an ɗaure mutum shekara 15. Kashi ɗaya bisa uku shekara 5 ke nan, daga nan ne ƙofar sakin talala take buɗewa. A ɗaya gefen kuma akwai rangwamen kashi ɗaya bisa uku da aka saba yi wa fursunan da bai yi laifi a ciki ba, wanda shi ne asalin maganar da ake yi cewa shekarar gidan yari wata takwas ce, don haka mutumin nan zai iya fita da kansa bayan shekara 10. Ashe duk amfanin sakin talala a gare shi yana tsakanin shekara ta 5 da ta 10 ne. Idan aka jinkirta zamansa da shekara ɗaya, an cinye kashi ɗaya bisa biyar na damar. Idan jinkirin ya kai shekara biyar, an hana shi ita gaba ɗaya ba tare da wani alƙali ya taɓa furta kalmar “a'a” ba. Ga mai ɗaurin rai-da-rai abin ya fi tsanani, domin shi babu wata ranar fita da ke jiransa a gaba. Tsohuwar dokar hukunta laifuka ta Arewa, wato Final Kod, ta ce idan za a lissafa wani kaso na hukunci a ɗauki rai-da-rai a matsayin shekara 20, idan aka bi wannan ma'auni kuwa ƙofarsa tana buɗewa ne bayan shekara 6 da wata 8, daga nan kuma duk ranar da ta wuce ba a saurare shi ba babu wani lissafi da zai mayar masa da ita.

Ƙasashen da suka daɗe da wannan tsari sun gano cewa abubuwa daban-daban ne ake kira da suna ɗaya, sai suka rarrabe su. A Ingila, inda hukumar sakin talala ta fara aiki a 1968, ana bambanta dakatar da zama da mayar da shi baya. A na farko, kwamitin da ya fara duba maganar shi ne yake riƙe da ita har ya dawo ya ƙarasa. A na biyu kuwa maganar tana fita daga hannunsa ta koma layi, wani sabon kwamiti ya faro daga tushe. Mai karatu zai iya ganin bambancin ƙarami ne, amma ga fursuna babba ne ƙwarai, kamar bambancin likitan da ya ce ka je ka yi gwajin jini ka dawo wurinsa da wanda ya ce ka koma ka yanki sabon kati. A jihar Kalifoniya ta Amurka kuma akwai wani nau'in daban, inda fursuna da kansa yake iya yafe zamansa na tsawon shekara ɗaya zuwa biyar, kuma ana son ya miƙa buƙatar aƙalla kwana 45 kafin ranar. Duk waɗannan sun bambanta da a zauna, a saurare shi, a ƙi sakinsa, sannan a sa masa ranar da za a sake dubawa, domin wannan hukunci ne mai dalili a rubuce wanda za a iya ƙalubalanta.

Mutum zai yi mamakin abin da zai sa wanda ke ɗaure ya nemi a jinkirta ranar da ka iya zama ta fitarsa. Dalilin yana cikin abin da ke biyo bayan ƙi. Tun daga 2008, lokacin da masu zaɓe a Kalifoniya suka amince da dokar da ta ƙarfafa haƙƙin waɗanda aka yi wa laifi, idan aka ƙi sakin mai ɗaurin rai-da-rai ana sa masa zama na gaba ne bayan shekara 3, 5, 7, 10 ko 15. Saboda haka wanda saura wata uku ya kammala koyon sana'a, ko wanda har yanzu bai sami ɗan'uwan da zai karɓe shi ya ba shi ɗaki ba, ko wanda lauyansa bai ga fayil ba sai ana gobe zama, gara masa ya jira kaɗan ya shiga da shirinsa da ya yi gaggawa ya jawo wa kansa jiran shekaru. Irin wannan buƙata halattacciya ce, kuma tsarin da ya hana ta ya zalunci fursuna. Haka nan akwai uzurorin da babu mai musun su, kamar rashin lafiyar fursunan ko ta wani babban mai shaida, ko ɓullar wata sabuwar tuhuma a kansa da ba a warware ba, ko rashin rahoton likitan ƙwaƙwalwa a maganar da ta rataya a kan wannan rahoto. Kwamitin da ya saki mutum alhali bai ga abin da ya kamata ya gani ba ya yi wasa da rayukan jama'a.

Sai dai ba fursuna kaɗai ne yake jiran ranar ba. Akwai iyalan wanda aka kashe ko aka raunata ko aka yi wa fyaɗe, waɗanda zuwan zaman yake fama musu tsohon miki. A wajenmu abin ya fi kusa, domin sau da yawa mai laifin da wanda aka yi wa 'yan unguwa ɗaya ne, a Rigasa ko Tudun Wada ko Sabon Tasha, iyayensu suna haɗuwa a kasuwa ɗaya, wani lokaci ma a sahu ɗaya ko coci ɗaya. Idan aka sanar da uwar mamaci ta yi kwanaki ba ta barci, ta shirya abin da za ta faɗa, ta taso daga Kafanchan ko Birnin Gwari, sannan a bakin ƙofa a ce mata fursuna ya nemi a ɗage, an cutar da ita a karo na biyu. Wannan ne ya sa ƙa'idoji masu kyau suke bambanta buƙatar da aka kawo da wuri da wadda aka kawo a ƙurarren lokaci, su tsaurara wa ta biyun, su nemi mai ita ya nuna cewa abin da ya taso bai san da shi ba tun farko kuma ba sakacinsa ba ne. A ganina rashin sanar da waɗanda aka yi wa laifi a kan kari shi kansa dalili ne da ya isa a ɗage zama sau ɗaya, na ɗan lokaci, amma bai isa a maimaita ba, domin aikin sanarwar na hukuma ne.

A nan ne maganar ta fi nauyi a wurina. Mafi yawan jinkirin da muka sani a harkar shari'a a ƙasar nan ba daga wanda ake tsare da shi yake fitowa ba, ba kuma daga wanda aka zalunta ba. Babu motar kawo fursunoni, ko akwai motar babu mai, ko an yi wa jami'in da ke riƙe da fayil canjin wurin aiki, ko an mayar da fursunan wani gidan yarin takardunsa ba su bi shi ba. Ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci ita ce kada a ɗora wa ɗaurarre nauyin gazawar hukuma. A 2013 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci a kan ƙarar wasu fursunoni biyu da aka jinkirta musu zama. Na farkon, Faulkner, jinkirin kusan wata goma ya sa ya zauna a ciki alhali da an saurare shi a kan kari da an sake shi, aka ba shi diyyar fam 6,500. Na biyun, Sturnham, ko da an yi zaman a lokacinsa ba za a sake shi ba, amma duk da haka aka tabbatar masa da fam 300 saboda damuwa da zulumin jinkirin wata shida. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma hukuncin ya kafa abu mai girma, wato a saurari mutum a kan lokaci haƙƙi ne mai zaman kansa, ko amsar za ta zama “e” ko “a'a”.

Misalin Oscar Pistorius, ɗan tseren Afirka ta Kudu da ya kashe budurwarsa Reeva Steenkamp a 2013, ya nuna yadda kuskuren lissafi kaɗai yake iya yin ɓarna. An zauna a kan maganarsa a ƙarshen Maris na 2023, mahaifiyar marigayiyar ta je domin ta nuna rashin amincewarta, sai aka ce ai bai cika mafi ƙarancin wa'adin ba, a dawo a Agustan 2024. A watan Oktoba Kotun Tsarin Mulki ta ƙasar ta tabbatar da cewa ya riga ya cika tun a watan Maris ɗin, aka sake zama a Nuwamba, ya fita ranar 5 ga Janairun 2024. Ko me mutum yake ji game da laifinsa, abin lura shi ne wannan sananne ne mai manyan lauyoyi, amma sai da ya je kotu mafi girma kafin a gyara masa ƙidayar kwanaki. Sai mu auna da talakan da ke kwance a gidan yarin Kaduna ko na Zariya, wanda rabonsa da ganin lauya tun ranar da aka yanke masa hukunci.

Saboda haka ne ake yi wa ɗagewa iyaka. A Kanada, idan hukumar tana buƙatar ƙarin bayani ko ƙarin lokacin yanke shawara, ba ta dakatar da duba maganar fiye da wata biyu. A Ingila jagorar da aka ba kwamitoci ita ce kada jinkiri ya wuce wata huɗu sai da dalili na musamman. Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan tunani. Sashe na 396 na dokar 2015 ya ce a yi shari'ar laifi kullum a jere, idan hakan bai yiwu ba kowane ɓangare ba shi da damar neman ɗagewa fiye da sau biyar, tazarar kowace kuma kada ta wuce kwanakin aiki 14, bayan an cinye waɗannan kuwa tazarar ta koma kwana bakwai, kotu kuma tana iya cin tarar mai neman ɗagewa ba gaira ba dalili. Tun kafin wannan da ƙarnoni, wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musa al-Ash'ari a kan alƙalanci ta umarce shi da ya yanka wa'adi ga wanda ya ce hujjarsa tana nesa, idan ya kawo ta a ba shi haƙƙinsa, idan bai kawo ba a yanke hukunci. Uzuri ana karɓarsa, amma da ajali a haɗe.

To, ina dokarmu ta tsaya? Wanda ya karanta sashe na 468 da kyau zai ga cewa komai ya rataya ne a kan kalmar “idan”. Idan shugaban hukumar ya kai rahoto, kotu tana iya saurare. Sashen bai ɗora masa wajibcin duba kowane fursunan da ya cika kashi ɗaya bisa uku ba, bai yanka masa kwanakin da zai kai rahoton ba, bai kuma bai wa fursunan hanyar da zai kai kansa gaban kotu ya ce lokacina ya yi ba. Sauran ƙasashe suna ta gardama a kan sau nawa za a ɗage da kuma tsawon wane lokaci, mu kuwa matsalarmu tana gaba da wannan mataki, domin ba a ɗage bikin da ba a sa wa rana ba. Jinkirinmu ba ya barin sawu a kowace takarda, babu wanda zai ce ga ranar da aka saɓa, don haka babu abin da lauya zai riƙe ya kai ƙara. Musulmi da Kiristan garin nan duk sun san labarin Annabi Yusuf, wanda ya roƙi abokin zamansa na kurkuku ya ambace shi a wurin sarki, aka mantar da shi, ya ƙara shekaru a ciki. Tsarin da fitar mutum ta dogara ga wani babba ya tuna da shi a ofis mai nisa haka yake ƙarewa, musamman ga wanda ba shi da kowa.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ban raina shi ba. Jihar da ta ga garkuwa da mutane a hanyar Abuja da harin jirgin ƙasa na Maris 2022 ba za ta yi marhabin da duk wata magana mai kama da buɗe wa masu laifi ƙofa ba. Amma sa ranar zama ba saki ba ne. Kotu tana da cikakken iko ta saurara ta ƙi, mai gabatar da ƙara yana nan zai yi magana, kuma wanda yake da haɗari ga jama'a ya fi kyau a ƙi shi a fili da dalili a rubuce. Gaskiya ne kuma sakin talala ba zai magance cunkoson gidajen yari ba, tunda kusan kashi biyu bisa uku na waɗanda ke ciki masu jiran shari'a ne. Amfaninsa yana wani wurin, domin gandiroba ya fi kowa sanin bambancin riƙon mutumin da yake da ranar da yake kiyaye halinsa dominta da wanda ya fid da rai.

Kaduna tana da damar da jihohi da yawa ba su da ita. A nan kwalejin horar da manyan jami'an Hukumar Gyaran Hali take, a nan gidan horar da kangararrun yara da buɗaɗɗen sansanin fursunoni na Kakuri suke, wato wuraren da shirin komawa cikin jama'a zai iya tsayawa a kansu. Gyaran Tsarin Mulkin da aka sa wa hannu a Maris 2023 kuma ya fitar da harkar gidajen gyaran hali daga jerin abubuwan da Tarayya kaɗai ke yi wa doka, ya ba jihohi hannu a ciki. Abin da nake fata Majalisar Dokokin Jiha da Babban Joji su rubuta ba shi da tsawo. A wajabta duba maganar kowane fursuna cikin ƙayyadaddun kwanaki da cikar kasonsa, ko hukuma ta yaba da halinsa ko ba ta yaba ba. Duk ɗagewa ta zo a rubuce da dalilinta, da sunan ɓangaren da ya jawo ta, da sabuwar rana a cikin takardar guda, a karanta wa fursunan a harshen da yake ji, a kuma aika wa iyalansa da waɗanda aka yi wa laifi. Idan gazawar daga hukuma ce har sau biyu, kotu ta zauna da abin da ke gabanta, ta kira jami'in da rahoton yake hannunsa ya zo ya yi bayani da bakinsa.

Matakin farko ma ba ya buƙatar sabon gini ko kasafin kuɗi. A ranar da aka kawo wanda aka yanke wa hukunci, ofishin rajistar gidan yari yana lissafa masa ranaku biyu daga takardar kotu, ranar fita mafi kusa idan ya sami rangwame da ranar fita mafi nisa idan bai samu ba. Sai a ƙara layi na uku a ƙarƙashinsu, ranar da zai cika kashi ɗaya bisa uku, a ba shi kwafi ya riƙe, a aika ɗaya zuwa rajistar kotun da ta ɗaure shi.